Allurar Karen Baba

Karen ya shigo gidanmu ne a ranar da aikin Baba ya ƙare. Mota ɗaya ta kawo su, Baba a gaba kusa da direba da kwalin tarkacen ofis a cinyarsa, karen a baya an lulluɓe shi da tsohon labule kamar kayan sata. Direban bai tsaya a ƙofar gida ba. Baba ya sa shi ya shiga lungun da lambatun unguwa yake bi, aka ɗaga kwano ɗaya na shingenmu aka tura dabbar ciki. Inna tana tsaye da ludayi a hannu ta ce, "Malam, mene ne wannan kuma?" Ya ce, "Amana ce." 

Baba haifaffen unguwar New Bell ne, a birnin Douala. Kakansa ne ya gangaro daga arewa da fataucin goro, ya ga ruwa ya tare masa gaba, ya zauna. Cikin yaran gidansu shi aka sa a makarantar Faransanci, tun ana ganin yin hakan tamkar ba da ɗa kyauta ne, ya fito ya zama akawun kuɗi a wani kamfanin Turawa da ke fiton kaya a tashar jiragen ruwa. Da shekarun kiriz suka zo, lokacin da tattalin ƙasa ya durƙushe, kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kalmar da ta cika bakin mutane ita ce kompirese: an kompirese wane, an kompirese wance, wato an sallame su. Baturen da Baba ya yi wa aiki tun yana saurayi ya tattara zai koma ƙasarsu, matarsa tana ta kuka a kan ɗan karen da ba za su iya tafiya da shi ba. Bai ga wanda ya yarda da shi kamar Baba ba. Abu ɗaya ya roƙa, ya kuma maimaita: duk ƙarshen shekara a kai shi a yi masa allurar haukan kare, kada a tsallake. Baba ya yi alkawari, kuma na san da niyyar cikawa ya yi. Gara in faɗa tun yanzu, rashin wannan allurar ne ya yi ajalin mahaifina.

Mu a unguwar Hausawa kyanwa ce tamu, sai tantabara, sai ragon layya da ake ɗaurewa a tsakar gida ana ba shi ɓawon ayaba. Ka tsallaka unguwar Kassalafam ka ga karnuka suna kwance a ƙofar ɗakunan maƙwabtanmu Kiristoci, yara na hawa bayansu, ba wanda ya damu. A wajenmu kuwa ko inuwarsa ba a so ta taɓa tufa. Ba wai addini ya hana ajiye shi ba. Liman da bakinsa ya sha faɗa cewa karen gadi halas ne, balle a shekarun da ɓarayi ke cire kwanon rufi mutum yana ciki. Abin da ba a yafewa shi ne a ga ka shafa shi, ko ka kira shi da suna, ko ka ja shi da igiya kana tafe a titi kamar Baturen unguwar Bonanjo ya fito shan iska.

To, Baba ya riga ya gaji da zama Bature a bakin mutane. Duk rayuwarsa yana fita da kwat da ɗamarar wuya, yana wucewa ta gaban majalisar dattawan da ke zama a kan benci kusa da masallaci, su kuma suna ce masa Musye kamar wani Bafaranshe. Yawancinsu 'yan kasuwa ne, masu atamfa da shadda a kasuwar Mboppi, iyayensu daga Najeriya suka zo, ba su san boko ba amma sun san littafi. Babbansu maƙwabcinmu ne, katangarmu ɗaya, mu muna ce masa Baba Alhaji. Da aikin ya ƙare, Baba ya rataye kwat, ya sa riga da hula, ya soma ɗaukar karatu wajen liman bayan asuba. A hankali aka matsa masa a benci, aka daina Musye aka koma Kontabul, wato akawu, wanda ya fi daɗi a kunnensa. Aka soma barin masa gurbi a sahun gaba. Mutumin da ya rasa ofis, ya rasa albashi, ya rasa motar da ke ɗaukarsa, wannan bencin ne kaɗai ya rage masa, kuma ya riƙe shi da hannu biyu.

Haushi ba ya ɓoyuwa, don haka kowa ya san akwai kare a gidanmu. Labarin da aka bai wa unguwa shi ne, karen gadi ne da Bature ya bari, yana ɗaure a can baya, ana jefa masa sauran tuwo daga nesa. Har a cikin gida haka ake yi. Inna ba ta taɓa ce masa kare ba, sai dai "abin nan". Abin nan ya sha ruwa? Abin nan ya hana ni barcin rana.

Gaskiyar kuwa ni na gan ta da idona. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a lokacin, wata rana aka tashe mu da wuri don malamai sun ƙi aiki saboda an zaftare albashi. Na shigo bayan azahar, gida tsit, Inna ta kwanta. Na shiga kicin neman ruwa, sai na ji murya ƙasa-ƙasa daga baya. Na leƙa ta tsagar katako. Baba ne zaune a kan turmin da aka kifa, sanye da tsohuwar rigarsa ta ofis da wandonta, kan karen a kan gwiwarsa, yana sosa masa bayan kunne yana ba shi labari da Faransanci. Yana gaya masa yadda tashar jiragen ta zama kufai, da wanda ya mutu cikin abokan aikinsa, da wanda ya koma ƙauye. Abubuwan da bai taɓa gaya wa Inna ba, balle ni. Ashe wannan rigar ya ware ta ne don karen, tana rataye a ƙusa a bayan kicin, kada tufafin sallarsa su taɓa shi. In ya gama ya cire ta, ya wanke hannu da sabulu, ya mai da babbar riga, ya fita la'asar fuskarsa a ɗaure.

Daga ranar na gane dalilin da ya sa mutumin da bai taɓa zuwa cefane ba ya tsiri tafiya kasuwar kifi ta Youpwé da kansa, wai kifin can ya fi arha. Kifi yakan zo, gaskiya ne. Amma a ƙasan jakar akwai wani ƙullin na kawunan kifi da kayan ciki, wanda ba ya taɓa isa tukunyar Inna. Ban ce masa komai ba, don na ji daɗi da ya sami wanda zai yi wa magana.

Disambar farko ba a sha wahala ba. Direban nan yana nan da motar kamfani kafin a yi gwanjonta, ya zo ya ɗauki karen cikin labule ya kai shi wajen likitan dabbobi ya dawo da shi. Bayan nan mota ta tafi, direba ya tafi. Abin da ya rage shi ne allurar gwamnati. Duk ƙarshen shekara, daidai lokacin da yaran Kassalafam suka fara fasa abin ƙara na Kirsimeti, gari ya ɗau zafi mai ɗanko, sai wata mota mai lasifika ta zagaya tana shela da Faransanci da Pijin: masu karnuka da kyanwoyi su kawo su filin makaranta. Ma'aikatan dabbobi sukan kafa tebur a gindin mangwaro da akwatin ƙanƙara. Abin da ake karɓa bai taka kara ya karya ba, ko a wannan talaucin ba kuɗi ne ya hana mu ba. Hanya ce ta hana. Daga gidanmu zuwa filin, ko ta ƙofa ka fita ko ta lungu, sai ka ɓullo a gaban bencin nan.

Na ce a ɗauki taksi. Ya ce direbobin unguwar nan duk 'ya'yan abokansa ne. Na ce a kira ma'aikacin ya zo gida. Ya ce da farar riga zai zo, ya kafe babur ɗinsa a ƙofa, kafin ya fito an taru. Na ce to ni zan kai shi.

"Ke?" Ya cire tabarau ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana. "Uwata, malamar makaranta, ba ki yi aure ba, a gan ki kina jan kare a titin New Bell? Kina so in mutu da baƙin ciki?"

"Baba, ai alkawari kuka yi."

"Na sani. On verra, za mu gani. Badi in Allah ya kai mu. Ai ta bara tana jikinsa."

Badi ta zo aka ce badi. Ni kuma bakina ba ya shiru, Inna takan ce da baki aka haife ni kafin ƙafa. Duk lokacin da motar lasifika ta wuce sai na ɗaga murya a tsakar gida in ce, "Ana kira fa." Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara wa rediyonsa sauti.

A shekarun nan gari ya lalace. Aka yi watanni ana rufe kasuwa da tituna, motar kwasar shara ta daina shigowa, bola ta yi tudu a kowace mahaɗa. Mutanen da suka kasa ciyar da 'ya'yansu suka kwance karnukansu suka sake su. Sai ka gan su garke-garke a kan bola, ƙasusuwan haƙarƙari a waje, da gyambo a kunne. Aka soma jin an ciji yaro a nan, an ciji mai tura kaya a can. A Disambar ɗaya daga cikin shekarun nan ne na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, in dattawan nan ne suke ba ku numfashi, ku faɗa mana mu sani." Inna ta jefe ni da murfin kwano. Shi kuwa ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari da hantsi, ranar ƙarshe ta allurar, sai ga shi ya fito daga baya da karen a igiya. Ni da Inna muka tsaya cak. Ya sa tsohuwar rigar ofis, ya sa hula, haɗin da bai dace ba ko kaɗan, a wani lokacin da na yi dariya. Karen yana ta kaɗa wutsiya, bai taɓa taka tsakar gidanmu ba. Suka wuce mu suka shiga soro. Ina jin ƙarar faratansa a kan siminti. Baba ya kai hannu kan sakata, sai aka kwashe da dariya a waje, dariyar hira kawai, ba da kowa ake ba. Sannan muryar Baba Alhaji ta taso: "Kontabul! Yau ba a fitowa ne? Shayi ya yi fa!"

Ya tsaya a nan hannunsa a kan ƙarfen. Ina kallon bayan wuyansa, gumi na gangara cikin kwalar rigar. Sai ya amsa da ƙarfi, "Ga ni nan, Alhaji." Ya juyo da karen, ya bi ta gabanmu bai dubi kowa ba, ya ɗaure shi, ya sauya riga, ya fita ya sha shayi. Na shiga ɗaki na yi kukan haushi. Har yau in na tuna tsayuwar nan tasa a soro, tausayi da fushi suke taso mini tare, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ba a daɗe da shiga sabuwar shekara ba wani baƙin kare ya bi lambatu ya kutso ta ƙarƙashin shinge. Da rana tsaka ne, muka ji faɗa ya kaure a baya. Kafin Inna ta rarumo taɓarya baƙon ya fice. Namu ya sami rauni a kafaɗa da leɓe. Baba ya wanke masa da ruwan gishiri, ya shafa masa shuɗin maganin nan na gyambo, ya toshe ramin da bulo. Raunin ya warke sumul, muka ce Allah ya tsare.

Bayan wasu makonni karen ya daina cin abinci. Bai yi haushi ba, bai yi cizo ba, bai tsinke igiya ba. Kwanciya kawai yake yi a lungu, bakinsa a buɗe ya ƙi rufuwa, yawu na zuba, yana wani irin kakari. Mu duka abin da muka sani shi ne mahaukacin kare gudu yake yi yana cizon duk abin da ya tarar. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai irin wanda ke zuwa shiru. Baba ya dubi bakin nan a buɗe, ya tuna kawunan kifin Youpwé, ya ce ƙaya ce ta maƙale masa. Sai ya naɗe hannun riga ya zura yatsu cikin maƙogwaronsa yana lalube. Bai sami ƙaya ba. Da zai fito da hannun, haƙori ya tsage masa ɗan yatsa.

Ina makaranta aka yi wannan. Inna ce ta gani ta tsagar nan ta kicin, ni sai daga baya na ji. Ta ce ya zo bakin famfo ya ɗebi ƙasa ya goge hannun, ya wanke, ya sake wankewa, yana ƙirgawa a hankali har bakwai, yadda muka taso muka ga ana yi wa ƙwaryar da kare ya lasa. Da ya gama ya yi ajiyar zuciya, a ganinsa ya fita haƙƙin abin, hannu ya tsarkaka. Inna ta ja da baya a hankali don kada ya san ta gan shi. A tarbiyyarta wannan shi ne rufin asirin miji.

Da yamma na ga tsumma a yatsansa. Ya ce kwanon shinge ne ya yanke shi. Kwanon nan duk tsatsa ne, don haka na tasa shi gaba da mita har sai da ya bi ni ƙaramin asibitin unguwa a yi masa allurar tetanos, wato ta tsatsa. Mai allurar ɗan ladanin masallacinmu ne. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwance tsumman, ya juya yatsan a haske.

"Baba, me ya yanke ku haka? Kamar huda nake gani."

"Kwano ne, ɗana."

"Ba wata dabba ba? Ko ɓera, ko kyanwa?"

Baba ya dubi ƙofa, akwai matan unguwa biyu a kan benci suna jiran layi. Ya ce, "Kwano ne." Aka yi masa allurar tsatsa, muka dawo gida ina ta jin daɗin na yi abin kirki.

Karen ya mutu cikin 'yan kwanaki. Baba ya haƙa rami da kansa a gindin ayaba, bai bari kowa ya taya shi ba. Ya ce mana ƙayar ce ta kashe shi, muka yarda. Ya daina zuwa Youpwé. Bayan azahar yakan kwanta ya juya fuska bango, ni na ɗauka kewa ce, kuma kewar ce. Inna ta ce aƙalla yanzu mala'iku za su shigo gida. Yatsan ya warke har tabon ya kusa ɓacewa.

Damina ta fara sauka lokacin da ya soma cewa hannun yana masa ƙaiƙayi, yana masa kamar tafiyar kiyashi daga yatsa zuwa kafaɗa. Sai zazzaɓi. A Douala duk zazzaɓi na sauro ne har sai an ga akasin haka, muka saya masa magani. Ya daina barci, ya zama mai saurin fushi, shi da ba ya ɗaga murya. Ranar da abin ya fito fili, an kira azahar, ya ce in kawo masa buta. Na ajiye a gabansa, ya karkata ta, ruwa ya zubo a tafinsa. Yana kai shi baki sai wuyansa ya shaƙe, idanunsa suka firfito, ya yi jifa da butar ya ja da baya har ya bugi bango. Da ya dawo hayyacinsa ya dube ni ya ce, "Uwata, me ya same ni? Ni ne nake gudun alwala?" Ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar.

Unguwa ta ce iska ce, wasu suka ce sammu. Liman ya zo da kansa ya yi masa addu'a, aka wanke rubutu aka kawo a ƙoƙo. Baba yana so ya sha, wallahi yana so, ƙishirwa ta busar masa da leɓe. Ya riƙe ƙoƙon da hannu biyu, amma ko ƙarar motsin ruwan ba ya iya jurewa. Mutane suka dubi juna, na ga abin da suke tunani: wanda ya kasa shan ayar Allah, lallai abin da ke jikinsa ba ƙarami ba ne. A nan na daina sauraron kowa. Na fita na tare taksi, Baba Alhaji ya taya ni muka sa shi a ciki.

Likitan babban asibiti dattijo ne mai sanyin magana. Bai daɗe yana dubawa ba. Ya ɗauki kofin ruwa ya matso da shi, ya ga abin da ya faru, ya ajiye. Ya ɗauki wani kwali ya yi masa fifita a fuska, Baba ya zabura kamar an watsa masa wuta. Sai ya juyo gare mu ya tambaya da Faransanci ko kare ya taɓa cizonsa. Na ce a'a, ai shi ko taɓa kare ba ya yi a gaban mutane. Na fassara wa Inna tambayar. Ta ja mayafi ta rufe baki, sannan ta faɗi abin da ta gani a bakin famfo.

Likitan ya fitar da ni waje. Ya ce da a ranar aka zo, ko a makon, akwai allurar da ake yi wa mutum ya tsira. Yanzu da ciwon ya bayyana ba abin da ya rage sai a rage masa wahala. Ya ce ni da Inna sai an yi mana allurar, tunda mun yi jinyarsa. Na tsaya a barandar asibitin ina kallon ruwan sama na zuba daga indararo, na kasa kuka don fushi.

Aka sa shi a ɗaki shi kaɗai, aka rufe tagogi don iska ma tana tayar masa da ciwon. Abin da ya fi muni shi ne hankalinsa yakan dawo sarai tsakanin tashin ciwon. A ɗaya daga cikin waɗannan lokutan ya ce in matso, amma kada in taɓa shi. Muryarsa ta dushe. Ya ce, "Ya wahala, Uwata. Kwana da kwanaki yana kallona, ni ina neman ƙaya." Ba kansa yake wa kuka ba. Sannan ya ce, "Me kuka gaya wa mutane?" Na ce ba mu gaya musu komai ba. Ya ce, "Ku ce zazzaɓi ne ya hau kai." Na ce to. Ya rasu washegari da hantsi, an ɗaure masa hannuwa a gadon da tsumma.

An yi masa sallar da ban taɓa ganin irinta a unguwarmu ba, sahu har bakin titi. Muka ce zazzaɓi ne ya hau kai, kowa ya ce Allah ya ji ƙansa, ba wanda ya ƙara tambaya.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, Baba Alhaji ya yi sallama ya shigo yi wa Inna gaisuwa. Ya zauna a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan labule, ni ina gefe ina tattara kwanuka. Ya yi addu'a, ya shafa, amma bai tashi ba. Yana ta juya carbi. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Karen nan ne, ko?"



"Na sani," ya ce. "Katangarmu ɗaya. Kullum bayan azahar ina jin su, shi da shi, yana masa Faransanci. Duk majalisa an sani. Har mukan yi dariya in ba ya nan, mu ce Kontabul ya tafi ganin amininsa. Amma mun yi magana tsakaninmu, kada wanda ya kuskura ya faɗa a gabansa, kada ya ji kunya."

Na ajiye kwanukan a ƙasa.

Ya ce, "Ni kaina ina da karnuka biyu a sitona na Mboppi, tun da aka fara fasa shaguna. Duk Disamba maigadina yake zuba su a pus-pus, wato amalanke, ya rufe da buhu ya kai su allura. Ta bakin lungunku yake wucewa. Kowace shekara sai in ce bari in ce wa Kontabul a haɗa da nasa. In buɗe baki, sai in kasa."

Ban san lokacin da muryata ta fita ba. A gidan makoki, a gaban uwata mai takaba, na yi wa sa'an mahaifina tsawa. "Me ya hana ku? Baba Alhaji, kalma ɗaya ce! Me ya hana ku?"

Bai yi fushi ba. Ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Mutum ne mai mutunci, 'yata," ya ce. "Ta ina zan fara?"